Tsohon Keke da Saƙon Inna Tabawa

Tun ranar da na dawo daga Daura ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Alhaji Mutari, wai da gaske da ƙafarka ka taka har can?" Wani ya ce in ba shi labarin iyaka, wani kuma babu abin da ya dame shi sai yadda mazaunaina suka kwana. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, kowa na ƙara nasa gishiri. To ga shi nan daga farko, wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Ni tela ne. Shekara talatin ina taka keke ban gusa daga bakin kasuwar Matameye ba. Da na sayi keken ɗinki mai lantarki, ƙafar ma ta huta, tumbi ya samu fili. Bara likita ya auna ni ya ce tansiyo ta hau, wato hawan jini, sukari kuma yana leƙowa, in ba na son allura kullum sai in riƙa motsa jiki. Na ce, "Likita, in fito ina gudu a titi da gemuna? Ai sai a ce wani abu ya biyo ni." Ya ce to in hau keke.

Keke kuwa akwai shi a gidana, irin na Turawa masu hawan duwatsu, mai ƙatuwar taya da bitas, wato giya, rututu. Ɗan Kwatano ne, na saya wa babban ɗana lokacin yana lakwal, makarantar boko. Da ya girma ya bi babur, keken ya koma bayan rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana. Na jawo shi na kai wa Lawali mai gyaran keke. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana, ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen na da ne, zai binne ni da kai. Sauran tarkacen ne suka mutu."

Mako uku muna fama. Ya cire tayoyin nan masu ƙuraje ya sa masu santsi, wai su ne na kwalta. Ya sake sarƙa, da wayoyin birki da robobinsu. Kan keken a miƙe yake a ƙasa, in na duƙa in kama sai tumbina ya toshe mini numfashi, don haka ya ɗaga shi sama. Sirdin kuwa siriri ne kamar bayan wuƙa. Na ce ko Baturen da ya ƙera shi ba ya da mazaunai ne? Aka samo mai faɗi. Muka kai wa mai walda ya haɗa kariya ta ɗora kaya a baya. Kullum huɗubar Lawali ɗaya ce: "Nauyi, Alhaji, nauyi! Keken tafiya ba ya son nauyi." Har ƙararrawa sai da muka yi gardama a kanta kafin ya yarda ya ɗaura.

Ranar farko daga shago zuwa gida na ga taurari da rana tsaka. Wani abokin ciniki ya tare ni a hanya, ya rage murya ya ce, "Alhaji, kasuwa sai haƙuri, Allah ya mayar da alheri." Ashe gari ya ɗauka karyewa na yi na sayar da babur! Ban kula ba. A hankali na fara zuwa Kance in dawo kafin in buɗe shago, wata rana in nufi Dungu. Cikin wata huɗu sai ga ni ina rage ƙugun wandona da hannuna. Wallahi daɗin da na ji ranar, ko ranar da na sayi keken lantarki ban ji shi ba.

Daɗin ne ya ɗebe ni na ce zan je Daura in gano Malam Habu, wanda muka koyi ɗinki tare a Kano. 'Yan fada suka yi ta dariya, wai a Ɗan Barto za a kwaso ni a amalanke. Na rantse a raina sai na je na dawo da ƙafata. Na samo tamfol na ɗinka jaka biyu manya, masu aljihu da zif, irin ɗinkin da ban taɓa yi wa mai biya ba. Sannan na tafka wauta: na rataya su a keken, na kafe shi a ƙofar shago kwana biyu ina kallo ina jin daɗi.

Ku da kuka san garin nan kun san sauran. Mutum ya ce zai yi tafiya, ga kuma jaka a buɗe kowa na gani? La'asar ɗin jajibirin tafiyar sallama ta fara. Maƙwabciyata ta aiko da galan ɗin man gyaɗa a kai wa 'yarta da ke aure a Daura. Liman ya kawo ƙunshin kilishi na surukinsa. Wata ta kawo busasshen zogale rabin buhu, tana cewa ai ba nauyi. Cuku, dabino, turmin atamfa, har da zabuwa mai rai a cikin kwando. Kowa sai ya ce, "Ɗan wannan ne kawai, Alhaji." Wa za ka ce wa a'a? Maiɗakina Rabi tana tsaye tana dariya har da riƙe ciki, sannan ita ma ta miƙo nata. Lawali ya biyo ya ga keken, ya dafe kai, ya juya ya yi tafiyarsa.

Ana gab da magariba Inna Tabawa ta shigo. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa a layinmu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda ne namiji, Ilu, magidanci mai kusan shekara talatin. Ya tafi cin rani kamar kowa, amma damina biyu ke nan bai dawo noma ba, wayarsa ma ta daina shiga. Wani direba ya ce mata ya hango shi a Daura yana tura kurar ruwa.

Ta kwance bakin zane ta fito da ɗan ƙullin daddawar batso, ko cikin tafin hannu bai cika ba.

Ta ce, "Alhaji, ba don daddawar ba ne. Ka gano mini shi da idonka. Ka ce masa gonar tana nan, ban ba kowa aro ba. Amma bana hannuna ba zai iya hauya ba."

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

Ta ce, "In kuma ba ya nan, kada ka ɓoye mini."

Ban sa ƙullin a jaka ba, a aljihun gaban rigata na sa shi.

Da aka sallame Asuba na kama hanya. Keken da na sani mai sauƙi ya zama wani abu daban, gaba na neman tashi sama, baya na lilo. Zabuwa kuwa tun daga ƙofar gida take zagina. A nan na gane amfanin ƙananan bitas ɗin da nake rainawa: ƙafa na ta juyawa, keke na rarrafe, amma dai ana gaba. Damina ta ƙarato, mutane na ta sharar gona, duk wanda na wuce sai ya miƙe ya bi ni da kallo. 'Yan kabu-kabu uku a kan babura suka rage gudu suna cewa, "Baba, kawo kayan mu rage maka." Na ce motsa jiki nake yi. Ɗaya ya ce, "Da zabuwa?"

Hantsi ya yi na shiga Ɗan Barto, ba a amalanke ba, a rubuta wannan. Na zauna wurin wata mai fura na ce a dama mini ba sukari. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Sa maka zan yi, Baba, kyauta ne." Da ƙyar na riƙe hannunta.

A iyaka na miƙa katina, wani ɗan duwan, wato kwastan, mai furfura ya zagaya keken ya ce, "Me ka ɗauko?"

Na ce, "Saƙo."

"Duka?"

"Ban da wando biyu da famfo."

Ya buɗe jaka ɗaya, ya ga kowane ƙulli da sunan mai shi a jiki, ya fashe da dariya ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce shi ma ranar da ya tafi Damagaram da sabon babur haka 'yan unguwa suka yi masa. Har na ɗora ƙafa a feda sai ya ce, "Af, Alhaji, tunda ta Mai'aduwa za ka bi..." Ya shiga ya fito da ledar dabino ta ƙanwarsa. Na karɓa, me zan ce?

A ɓangaren Najeriya, a Kwangwalam, wani jami'i ya duba takarduna ya ce, "Baba, yawon duniya ake yi?" Shi keken ne ya ɗauke masa hankali, wai irinsa ubansa ya taɓa saya masa. Ya roƙi ya ɗan taka. Na ce bismilla. Bai yi taku biyar ba kaya suka rinjaye shi, zabuwa ta kwarma ihu, ya diro yana salati. Ya sara mini ya ce, "Wuce, Baba, kai soja ne."

Ban yi nisa ba na faɗa wani rami da ban gani ba. Sai na ji ƙas! ƙas! a baya. Wayoyin ƙafar baya uku sun tsinke, taya ta karkace tana gogar birki. Haka na sauko na tura, rana na dukan ƙeyata, har Mai'aduwa. Mai gyaran da na samu ya ɗaga bayan keken ya kasa, ya ce, "Alhaji, wanda ya haɗa maka keken nan gwani ne, wanda ya yi masa lodi kuma Allah ya shirye shi." Na ce mutum goma sha ɗaya ne. Kafin ya gama na kai dabinon ɗan duwan, aka tsare ni da shinkafa da wake, na yi Azahar, na miƙe a ƙarƙashin wata bedi har rana ta yi sanyi.

Ana kiran magariba na shiga Daura. Malam Habu ya fito daga shago ya tsaya yana kallona, ya ce, "Mutari, ina sauranka?" Yana nufin tumbin. A zaurensa ya sauke ni, ya kunna mini fanka, wadda ta yi juyi kaɗan wuta ta tafi. Ya ce haka take, ba ta sallama.

Da safe ya kai ni teburin mai shayi. Jama'a, mutanen nan ba su san shayi ba! Mu nan a ɗora buta a gawayi, a yi na ɗaya, na biyu, na uku, ana hira. Su kuwa ƙaton kofi za a cika maka da madara, ka shanye a tsaye ka wuce. Burodinsu laushi kamar katifa, ga zaƙi, in likitana ya gan ni da shi sai ya suma. Kabu-kabu a can acaɓa ne, fada kuma majalisa, amma gulmar iri ɗaya ce. Abin da na yaba musu shi ne waina da miyar taushe, wannan kam sun fi mu, na faɗa ko za ku kore ni daga fada.

Yini guda na yi ina rabon saƙo. Kowane gida sai an zaunar da ni an tambayi mutanen Matameye ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu. In na tashi tafiya kuma sai a ce, "Tsaya, Alhaji, ɗan wannan ka kai wa Inna." Na rabu da zabuwa na karɓo bokitin roba. Na sauke man gyaɗa na ɗauko katon ɗin taliya. Kafin yamma kusurwar shagon Malam Habu ta cika da kayan da suka fi waɗanda na zo da su.

Duk wannan ƙullin Inna Tabawa na aljihuna, yana tuna mini da kansa, don daddawar batso ba ta ɓuya. Washegari na bi wuraren da 'yan ga-ruwa ke ɗiba. Yawancinsu mutanenmu ne, da na yi magana sun gane daga inda na fito. Amma da na ce Ilu na Matameye, sai kowa ya duƙufa kan jarkarsa. "Ba mu san shi ba, Baba." Wuri na uku ma haka. Na fara tunanin da wane baki zan koma wa tsohuwar nan. Sai wani dattijo mutumin Dungu ya matso kamar zai gyara igiyar kurarsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yana nan da ransa. Shi ya ce duk wanda ya zo daga gida a ce ba a san shi ba. Zauna can gefe, yanzu zai dawo ɗiba."

Ban daɗe ba na hango wani dogo ya shawo kwana da kura ba ruwa. Muka haɗa ido. Ya juya kurar da sauri ya faɗa lungu.

Ai kuwa na haye keke. Jakunkuna babu komai, ƙafa ta sha horo wata huɗu, na sa babban bitas na bi shi. Ku auna Alhaji da babbar riga yana kaɗa ƙararrawa a lungunan Daura, awaki na watsewa, mata na leƙe ta katanga. Ya yi dama na yi dama. A bakin wani masallaci lungun ya ƙare, na sha gabansa na taka birki. Abin da ya fi ba ni mamaki, shi ne ke haki, ba ni ba.

Na ce, "Ilu, ni za ka guje wa? Ni da na ɗinka maka rigar kaciya?"

Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Ya rame, duk wuya ya fito. Na zazzage masa faɗan da na taho da shi tun daga gida. Da na gaji na zauna a dakalin masallacin na ce ya faɗa mini gaskiya.

Ya ce shekarar farko ciwo ya kwantar da shi, abin da ya tara ya tafi a magani. Ya ce bari ya ƙara rani ɗaya ya haɗa na tsaraba. Rani na biyu aka shiga ɗakin da suke kwana aka kwashe su kaf, har da wayar. Kurar ma ta haya ce.

"Baba Alhaji, ka san yadda ake sauka a tashar Matameye. Sa'o'ina da buhu, da katifa, da atamfar iyaye. Ni in shigo ina kaɗa hannu bayan shekara biyu? Da wane ido zan dubi Inna?"

Na so in ce masa shirme ne, amma na kasa, don ni ma na ci rani a Kano, na san kunyar nan, tana iya riƙe namiji a bariki har ya tsufa. Na ciro ƙullin na ba shi, na faɗa masa maganar gona da ta hauya, kalma da kalma. Ya kwance, ya shinshina, sai hawaye shar. Ni ma na juya ina gyara madubin keke da babu abin da ya same shi. Amma da na ce ya tashi mu tafi, ya girgiza kai. "Baɗi, in Allah ya so. Ka ce mata ina lafiya."

Na koma shago raina a jagule, na zauna ina kallon tulin kayan mutane. Malam Habu ya ce, "Ka zuba su a mota mana, ka hau kekenka wayam ka tafi." Shawara ce mai kyau, ita ce ma za ta ba ni abin da na fito nema, in shiga gari a kan kekena 'yan fada su haɗiye dariyarsu. Tun ranar da suka yi mini dariya nake tanadin wannan shigar. Amma ina kallon kayan nan wata dabara ta faɗo mini, na yi ta korar ta tana dawowa. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi jayayya da zuciyata sosai, don ina son yabon nan.

Da sassafe na koma wurin ɗibar ruwa ina ɗingishi. Na ce, "Ilu, yau ba maganar Inna ta kawo ni ba, taimako nake nema. Gwiwa ta riƙe. Ga amanar mutane, ga keke ba na son a jefa mini shi a saman mota a karya. Ka taka mini shi zuwa gida, in ka sauke ka ga dama ka juyo."

Ya daɗe yana kallon gwiwar. Dattijon nan na Dungu ya ce, "Kai, babba na neman alfarma kana tsaye? Kawo kurar, ni zan mayar wa mai ita."

Muka yi lodi. Taliya, bokiti, tabarmar roba, yadin shadda, buhun garin rogo, har da fitila mai caji. Na shiga mota na jira shi a iyaka muka ƙetare tare, na sake shiga wata na sauka a bakin gari na zauna gindin gawo. Can bayan La'asar sai ga shi, gumi sharkaf, waya ko ɗaya bai tsinka ba. Ya sauka muka jera, yana tura keken. Sai ya ce, "Baba Alhaji, ɗazu da hagu kake ɗingishi."

Na ce, "Tura keke, ban son surutu."

Tun daga tasha aka fara. "Wa nake gani kamar Ilu?" "Ilu ne wallahi! Kai, irin wannan kaya!" Ni kuwa ina addu'a ya yi shiru mu wuce. Amma sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Saƙon mutane ne, ba nawa ba ne." Babu wanda ya kula. Mahauci ya fito ya rungume shi da hannun jini, masu shago na miƙo hannu, kowa na cewa sannu da hanya. Ilu sai rarraba ido yake yi.

Muka tarar da Inna Tabawa a tsakar gida tana tsince irin gero a faifai. Na yi sallama na ce, "Inna, cewa kika yi in gano shi, to na ga da fili a keken sai na haɗo da shi."

Ba ta ji ni ba ma. Ta ajiye faifan a hankali ta miƙe. Keken da kayansa na tsaye a bakin ƙofa, ko kallon wajen ba ta yi ba. Ilu ya zube a gabanta ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ban zo miki da komai ba."

Ta sunkuya ta kamo hannayensa biyu, ta juya tafukan sama. Duk sun yi kanta saboda turin kura. Ta shafa su da babban yatsa, ta ce, "Waɗannan fa? Ai su nake jira."